Hali ne ko dama? Fashin baƙi kan cuta da cin amana a wurin aiki

Ƙarfe biyar ta gota, an rufe ƙofa, masu karɓar kuɗi biyu na zaune suna lissafin cinikin ranar. Albashinsu ɗaya, shekara ɗaya aka ɗauke su aiki, kuma kyamarar da ke saman kansu ta yi wata biyu a lalace, dukansu sun sani. Kowannensu ya ƙirga abin da ke aljihun teburinsa ya tarar da rara, kuɗin da kwamfuta ba ta san da zamansu ba, wani abokin ciniki ne ya yi gaba bai karɓi canjinsa ba. Na farko ya nemo ambulan ya zuba, ya rubuta kwanan wata a kai, ya miƙa wa akanta. Na biyu ya ɗan saci kallon ƙofa, ya ninke kuɗin ya soke a aljihu, yana faɗa wa zuciyarsa ai rannan da lissafi bai cika ba daga albashinsa aka zaftare, yau kuma ga shi an mayar masa.

Duk wanda ya ji wannan zai ce hali ne, kuma hali zanen dutse. Yana da gaskiya. To amma a gyara kyamarar, sai ka ga su biyun duk sun nufi ofishin akanta da ambulan a hannu, ba mai iya bambance su. Ko kuma a yi wata uku ba a biya su albashi ba, ka ga ko na farkon ma ba zai daɗe yana juya ambulan ɗin a hannunsa ba kafin ya miƙa. A nan maganar ta ɗaure, kuma masana halayyar ɗan Adam sun kusa shekara ɗari suna warware ta.

Kafin a yi nisa, cuta a wurin aiki ba sata kaɗai ba ce. A 1995 wasu masu bincike biyu, Sandra Robinson da Rebecca Bennett, suka tattaro ire-iren munanan ayyukan ma'aikata suka auna su da ma'auni biyu: girman laifin, da kuma wanda ya faɗa wa, ma'aikatar ce ko mutanen cikinta. Akwai mai zuwa a makare ya sulale da wuri, ko ya ja aikin awa ɗaya ya kai shi yamma da gangan. Akwai mai kwashe kaya, mai ƙarin sifili a rasit, mai lalata na'ura don haushi. Akwai mai gulma da kai tsegumi wajen shugaba da ɗora wa wani laifinsa. Sai mai zagi da barazana da cin zarafi. Rabon nan yana da amfani don wani laifin ba ya barin shaida. An ba wa ma'aikaci saƙo ya faɗa wa abokiyar aikinsa an dawo da taro daga ƙarfe biyu zuwa goma na safe, ya yi shiru. Ta shigo ana tashi, shugaba ya harare ta, shi kuwa ya dafe kai ya ce wallahi ya sha'afa. Babu kobo da ya ɓata a littafin akanta, amma an cuce ta.

To wane hali ne ke haifar da wanne? Masana sun fara da dabara mai sauƙi: duk halin da ya dami mutane, sun raɗa masa suna. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamusun Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta tacewa da lissafi, suna duba waɗanne siffofi ne ke tafiya tare a jikin mutum ɗaya, har aka tsaya a kan manyan rukunai biyar. Akwai son shiga jama'a da kuzari. Akwai son sabon abu da zurfin tunani. Akwai saurin damuwa da ɓacin rai. Akwai sauƙin kai da iya zama da mutane. Sai tsantseni da tsari, wato halin mutumin da ke zuwa a kan lokaci, ya gama abin da ya fara, ya yi tunani kafin ya aikata. Ba wai mutum yana da hali ko ba shi da shi ba ne, kowa na wani mataki a kan kowanne, kamar yadda kowa ke da tsayi.

Biyun farko ba su da wata alaƙa ta a zo a gani da cuta. Mai surutu da shiru-shiru, kowa na iya sata. Ukun ƙarshe ne ake ganin sawunsu. A 2007 Christopher Berry da Deniz Ones da Paul Sackett suka haɗa sakamakon bincike masu yawa wuri guda, suka ga abin ya rabu yadda hankali zai ɗauka: ƙarancin tsantseni ya fi jan mutum ga cutar da ma'aikata, kamar makara da sakaci da wasa da kaya, shi kuwa ƙarancin sauƙin kai ya fi kai shi ga cutar da mutane, wato faɗa da gori da wulaƙanci. Mai saurin ɓacin rai yana taɓa kowane ɓangare, don abin da wani zai haɗiye ya wuce, shi sai ya kwana da shi ya tashi da niyyar ramuwa.

Sai dai akwai giɓi a wannan lissafi. Mutum na iya zuwa aiki kafin kowa, fayilolinsa a jere, murmushi bai barin fuskarsa, kuma shi ne ke cin kuɗin ma'aikatar. Hasali ma wanda zai shekara biyar yana karkatar da kuɗi ba a gano ba, dole ya kasance mai tsari, malalaci ba zai iya ba. Rukunan nan biyar ba su kama irin wannan da kyau.

Wasu malaman jami'a biyu a Kanada, Michael Ashton da Kibeom Lee, su ne suka cike giɓin a farkon shekarun 2000. Da suka duba irin wancan bincike na kalmomi a harsuna daban-daban, ciki har da Koriyanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, sai suka ga wani rukuni na shida na ta fitowa, wanda suka kira gaskiya da ƙanƙan da kai. Ya ƙunshi abu huɗu: rashin fuska biyu, ƙin cin haƙƙin wani, rashin kwaɗayin dukiya da muƙami, da kuma rashin ɗaukar kai an fi kowa. Bincike da dama bayan nan sun nuna wannan rukuni na daga cikin waɗanda suka fi nuna wanda zai yi sata ko ha'inci a bakin aiki, a wasu lokutan ya zarce duka biyar ɗin can.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne haɗuwar gaskiya da tawali'u a jaka ɗaya. Ba wani ne ya zauna ya ga dacewar haɗa su ba, lissafi ne ya nuna suna tafiya tare. In ka yi tunani kuma sai ka ga dalili. Da wuya mutum ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba yana mai yarda a ransa cewa ba nasa ba ne. Kafin hannu ya tafi, zuciya ta riga ta yanke hukunci: na fi ƙarfin wannan albashi, ni ke riƙe da wurin nan, dokar nan don ƙananan ma'aikata aka yi ta. Wanda ke ganin kansa daidai da kowa ba shi da wannan tsani. Shi ya sa nake ganin mai yawan faɗin cewa ba a san darajarsa ba ya fi cancantar a sa masa ido a kan mai kukan kuɗi ba su isarsa.

Daga ɗaya gefen kuma akwai abin da Delroy Paulhus da Kevin Williams suka raɗa wa suna baƙaƙen halaye uku a 2002. Na farko jiji da kai, mutum ya ɗauki kansa na musamman, yana ƙishin yabo, suka kuwa ko ta gyara ce tana ƙona shi. Na biyu makirci, wanda a Turance aka sa masa sunan Niccolò Machiavelli, marubucin nan na Italiya da ya shahara da shawartar masu mulki a kan dabarun riƙe iko. Mai wannan hali mutane a wurinsa kayan aiki ne, yana da haƙurin jiran lokaci, kuma ya yi imani kowa ma haka yake. Na uku bushewar zuciya, rashin tausayi da rashin nadama haɗe da garaje. Wani babban nazari da Ernest O'Boyle da abokansa suka fitar a 2012 ya nuna dukkan ukun suna da alaƙa da munanan ayyuka a wurin aiki.

Matsalar ita ce waɗannan halaye ba su zuwa da baƙar fuska. Ka ɗauki ranar ganawa da masu neman aiki. Ɗaya ya shigo da fara'a, ya riƙe sunan kowa a kwamitin, aka tambaye shi aikin da ya yi a baya ya ce shi ya ceto sashensu daga rushewa. Aka ce ya faɗi kuskuren da ya taɓa yi, ya yi ɗan murmushi ya ce aibinsa ɗaya, ba ya iya barin aiki sai ya ga ya yi kyau. Na bayansa ya shigo yana ɗan in'ina, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce "mun yi", da aka zo kan kuskure ya ba da labarin ranar da ya aika kaya adireshin da ba shi ba, ya jawo asara, da yadda ya je ya faɗa da bakinsa. Minti ashirin kowannensu ya samu. Kwamitoci da yawa na farkon za su ɗauka, suna cewa ga mai kwarjinin shugabanci. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuskar ce kayan sana'ar. Paul Babiak da Robert Hare da wani abokin aikinsu sun auna manyan ma'aikatan kamfanoni 203 a wani bincike da ya fito a 2010, suka tarar waɗanda suka fi bushewar zuciya ana yaba musu wajen iya magana da kwarjini, ana kuma kushe su wajen ainihin aiki da haɗa kai da jama'a. Musa a baki, Fir'auna a zuci, amma ga su a kan kujera.

A nan sai a yi hattara. Yanzu an shiga yayin da duk wanda shugabansa ya tsawata masa sai ya buɗe intanet ya karanta alamomi goma, ya dawo ya yanke wa mutum hukuncin ciwon ƙwaƙwalwa. Waɗannan ma'aunai na bincike ne a kan ɗaruruwan mutane, ba sandar dukan mutum ɗaya ba.

Kuma ƙarfin alaƙar ma bai kai yadda ake zato ba. A ƙarshen shekarun 1920 Hugh Hartshorne da Mark May suka gwada yara 'yan makaranta wajen 11,000 a Amurka. Suka ba su damar satar amsa a jarrabawa, damar ƙarya a kan abin da suka iya, damar ɗauke 'yan kuɗi, duk a yanayin da yaran ke zaton ba mai gani. Sun yi tsammanin za su raba yaran gida biyu, masu gaskiya da marasa ita. Ba haka ta kasance ba. Yaron da ya saci amsa a aji sau da yawa bai taɓa kuɗin ba, wanda ya ɗauki kuɗin kuma bai yi ƙarya a filin wasa ba. A 1968 Walter Mischel ya tayar da ƙura da ya nuna cewa alaƙar gwajin hali da abin da mutum zai aikata a wani lokaci guda da kyar take wuce 0.3, a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, ɗaya kuma cikakkiyar alaƙa. Amsar da aka ba shi daga baya ita ce, aiki ɗaya ba ya nuna hali, amma in ka tara ayyukan mutum na wata da watanni sai zanen ya fito. Watau gwajin hali ba zai gaya maka ko wane zai ɗauki rarar yau ba. Abin da zai iya gaya maka shi ne, cikin ma'aikata dubu, a wane ɓangare za a fi samun masu ɗauka a tsawon shekara.

Sauran lissafin yana hannun yanayi. Jerald Greenberg ya buga wani bincike a 1990 a kan masana'antu uku na kamfani ɗaya a Amurka. Kamfanin ya rasa kwangila, ya rage albashin ma'aikatan biyu daga ciki da kashi 15 cikin 100 na tsawon mako goma. A ɗaya, shugaban ya zo da kansa ya zauna da ma'aikata, ya yi bayani dalla-dalla, ya nuna takaicinsa, ya amsa tambayoyi. A ɗayar kuwa gajeren taro aka yi, aka sanar da su aka tashi. Ta ukun ba a taɓa albashinta ba. Satar kaya ta ƙaru a duka biyun da aka rage wa kuɗi, amma ta fi tashi nesa ba kusa ba a inda ba a yi musu bayani ba. Da aka mayar da albashi, satar ta koma inda take. Mutanen nan ba a sauya su ba, halinsu na jiya shi ne na yau. Abin da ya sauya shi ne yadda suka ji an ɗauke su.

Tun kafin wannan, Donald Cressey ya bi gidajen yari a Amurka yana hira da mutanen da aka ɗaure kan cin amanar kuɗin da aka damƙa musu, ya fitar da sakamakon a 1953. Ya ga abu uku ke haɗuwa. Mutum na da wata matsalar kuɗi da yake jin kunyar faɗa wa kowa. Yana da hanyar taɓa kuɗin ba a gani ba. Sannan ya samo wa kansa uzuri, wanda mafi yawa shi ne "aro na yi, zan mayar". Masu binciken kuɗi har gobe da wannan suke aiki. In ka lura, hali yana shiga ta kowace kusurwa: mai girman kai ne ke kasa faɗin matsalarsa, mai makirci ne ke hango kafar da wasu ba su gani ba, mai raina haƙƙin mutane ne uzuri ke zo wa da sauƙi. Amma kafar kanta ba shi ya haƙa ta ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Nick Leeson ya nuna girman tsagar. Matashi ne ɗan Ingila da bankin Barings ya tura Singafo, aka bar masa ciniki a kasuwar hada-hadar kuɗi, aka kuma bar masa ofishin da ke duba lissafin cinikin. Shi ke yi, shi ke duba kansa. Ya buɗe wani asusu mai lamba 88888 yana ɓoye asara a ciki, yana ƙara zuba kuɗi da fatan ya farfaɗo, hedikwatar bankin a London kuwa na ta aiko masa kuɗi don a takarda riba ake gani. Girgizar ƙasar Kobe a Janairun 1995 ta karya kasuwar Japan, asarar ta kai fam miliyan 827, bankin da aka kafa tun 1762 ya durƙushe, aka sayar da shi a kan fam ɗaya. Leeson na da shekara 28. Ba kowa ne za a ba wa wannan dama ya yi abin da ya yi ba, wannan gaskiya ne. Amma da an raba ayyukan nan biyu tsakanin mutum biyu, da wuya ɓarnar ta yi shekaru tana girma a ɓoye.

Na bankin Wells Fargo a Amurka ya fi wannan wuyar ɗora wa hali. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, adadin da daga baya aka ce zai iya kai miliyan 3.5. An kori ma'aikata wajen 5,300. Shin bankin ya yi rashin sa'ar ɗaukar maha'inta dubu biyar ne? Abin da bincike ya nuna shi ne an ɗora musu adadin asusun da za su buɗe wanda ba ya cimmuwa, ana bin su da matsi kullum, wanda ya kasa kuma aikinsa na rawa. Idan wuri ya zama haka, bambancin hali yana ƙanƙancewa, kusan kowa ya karkata gefe guda. Haka ma idan tsaro ya yi tsanani, kowa ya zama na kirki dole. A tsakiya ne, inda doka ta yi sako-sako kuma ba mai matsa maka, ake ganin wane ne wane, kamar masu karɓar kuɗin can biyu a ƙarƙashin matacciyar kyamara.

Abin kuma yana yaɗuwa. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan masu ba da shawarar zuba jari a Amurka ya duba abin da ke faruwa idan an haɗe kamfanoni biyu, ma'aikaci ya samu sababbin abokan aiki ba da zaɓinsa ba. Wanda aka haɗa da masu tarihin cutar abokan ciniki, yiwuwar shi ma ya aikata ta ƙaru da kashi 37 cikin 100. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

To me zai hana a tace mutane tun a bakin ƙofa? An gwada. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna ɗaura wa masu neman aiki na'urar gano ƙarya, har majalisar ƙasar ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu yin haka a 1988. Sai aka koma ga gwajin amana na takarda. Wasu tambayoyin kai tsaye suke: ka taɓa ɗaukar kayan ofis ka kai gida? Wasu ta bayan gida: a ganinka mutum nawa cikin goma ke ɗan taɓa kayan ma'aikatarsu? Hikimar ita ce mai yi yakan ɗauka kowa na yi. Wani babban nazari na 1993 ya ce gwaje-gwajen suna aiki sosai, wani na 2012 da ya tsananta sharuɗɗa ya samu ƙarfinsu bai kai haka ba. Suna da ɗan amfani, amma suna da illa biyu. Mai wayo ya san amsar da ake so. Mai tsananin gaskiya kuma, wanda zai tuna biron da ya tafi da shi gida shekara uku da suka wuce ya rubuta "e", shi ne zai iya faɗuwa. Michael Housman da Dylan Minor, da suka bi bayanan ma'aikata sama da 50,000 a wani nazari na 2015, sun ci karo da wani abin mamaki mai kama da wannan: waɗanda suka amsa cewa dole a bi doka a kowane hali ba tare da togiya ba, sun fi sauran yiwuwar a kore su daga baya saboda mugun aiki. Haka nan masu cika baki a kan iyawarsu.

Duba tarihin mutum ma ba ya wadatarwa. Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE, wadda ke fitar da rahoto duk bayan shekara biyu a kan dubban shari'o'in zamba a wuraren aiki na ƙasashe da yawa, ta sha nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka kama ba a taɓa gurfanar da su kan zamba ba a baya. Rahotannin sun kuma nuna asarar da masu kamfani da manyan shugabanni ke jawowa ta ninka ta ƙananan ma'aikata sau da yawa, alhali gwajin amana galibi ƙananan ake yi wa. Sannan hanyar da ta fi kowace tona asirin zamba ba binciken akanta ba ce, ba kyamara ba ce, tsegumi ne: sama da kashi 40 cikin 100 na shari'o'in wani ne ya kai rahoto, kuma fiye da rabin masu kai rahoton ma'aikatan wurin ne. Wanda ke zaune kusa da mutum shekara uku ya ga yadda yake yi wa masinja magana, ya ga ba ya yarda ya tafi hutu kada wani ya buɗe littafinsa, ya san abin da kwamitin minti ashirin bai sani ba. Ko zai buɗe baki ya faɗa, wannan ya danganta da abin da ya ga an yi wa na ƙarshen da ya faɗa.